Cokali Mai Jan Zare

A kwandon cokulan gidan akwai guda ɗaya da aka ɗaure wa jan zare a wuya, kuma kowa ya san na Auta ne. Kofinta ma daban yake, haka kwanonta. Shekara goma sha biyar ke nan ana wannan tsari, tun ranar da ta fara yanke jiki ta faɗi tana 'yar sakandare. Sunan ciwon ba ɓoyayye ba ne, farfaɗiya ce, amma a gidan nan ba a kiransa. Inna takan ce "abin nan". Yaya, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinsu, yakan ce "'yar lalurar". Matarsa kuwa ba ta cewa komai, sai dai in ta zo wanke-wanke ta ɗauki cokalin da yatsu biyu.

Ƙofa ɗaya ce tsakanin tsakar gidan da gidan burodin Yaya. A bayanta akwai tanderu biyu, ma'aikata goma sha ɗaya, da layin masu saye tun da safe. Yaya ya riga ya sa a ransa cewa duk ranar da unguwa ta ji akwai mai farfaɗiya a bayan wannan ƙofa, ko kare ba zai sake shinshinar burodinsa ba, domin mutane na cewa ta yawu ake ɗaukar ciwon. Saboda haka Auta ba ta bin ƙofar. Ta baya take fita zuwa makarantar firamaren da take koyarwa, inda 'yan aji uku suke ji da ita, don in tana karanta musu labari har muryar kowace dabba takan yi, daga kwaɗo har zaki.

Da magani, shekara huɗu ba ta faɗi ba. Sai Yaya ya samu kwangilar kai burodi ɗakin cin abinci na babban asibiti, inda take karɓar ƙwayoyinta duk wata. A ranar ya kira ta ya ce, "Auta, kawo katin nan naki. Kullum ana ganin motata a can, in aka gan ki a wancan layin an gama da ni. Zan sa a mayar da ke wani asibitin." Ta ba shi, domin ba ta taso da yi wa Yaya musu ba. Da ta yi tuni ya ce gobe. Da ta sake ya ce ai ga shi ta warke, shan ƙwayar na mene ne. Wata biyu ke nan da ƙwayoyin suka ƙare.

Ranar Litinin da safe tana tsakar gida tana goge takalminta, sai ta ji ɗanɗanon ƙarfe ya cika mata baki. Ta san shi sarai. Ta yunƙura za ta kai ga tabarma, ba ta kai ba.

Da ta farfaɗo, abin da ta fara ji rediyo ne, an ƙure shi har ƙarshe. Matar Yaya ce ta ƙure don kada ma'aikata su ji motsi, ga ta can tsaye ta danne ƙofar da bayanta. Yaya na durƙushe, hannunsa duk fulawa da jini. Inna na riƙe da cokali mai jan zare, ya lanƙwashe, tana haki tana salati.

"Alhamdu lillahi ba ki haɗiye shi ba," in ji Inna. "Da kyar muka buɗe bakin nan. Sai da yayanki ya danne haɓar."

Auta ta so ta tambaya, sai jini ya zubo maimakon magana. Cokalin da aka cusa da ƙarfin tsiya ya fasa haƙorin tauna guda, ya tura harshen tsakanin haƙora, su kuma suka datse shi. Gefen hagu ya tsage tun daga tsakiya har kusa da tushe.

Yaya ya leƙa ya kau da kai. Ya wanke hannunsa sau uku da sabulu, sannan ya ce, "Ku saurara da kyau. Zamewa ta yi a banɗaki ta buga haɓa. Duk wanda ya tambaya, haka za a ce."

Wurin mai kemis ya fara kai ta, ba na unguwarsu ba, na can gaban kasuwa inda ba a san shi ba. Mai kemis ya haska bakin da fitilar waya, ya yamutsa fuska.

"Malam, wannan ai ɗinki yake so. Ku wuce babban asibiti."

"Ɗan tsagu ne," in ji Yaya. "Baki ai saurin warkewa gare shi. Ka dai ba mu na kurkura da na kashe zafi."

Mai kemis ya dubi Auta. Ta yi ƙoƙarin magana, abin da ya fito gurnani ne kawai. Yaya ya dafa kafaɗarta ya ce, "Ta ce hakan ya yi."

Cikin kwana uku harshen ya kumbura ya cika bakin, har ba ta iya haɗa leɓɓanta. Yawu yana dalala, ta koma yawo da ƙyalle a baki. Abinci kuwa sai shayin da ya huce, shi ma ta gefen dama, kaɗan-kaɗan, tana sha hawaye na zuba. Guntun haƙorin da ya fashe yana da kaifi, duk motsin da ta yi sai ya sake karzar ciwon. Matar Yaya ta ware mata bokiti daban na wanke ƙyallayen, ta hana yaranta shiga ɗakin.

"Ni fa Malama ba ƙyamarki nake yi ba," ta ce daga bakin ƙofa. "Yaran nan nake ji wa. Ke ma in ke ce haka za ki yi."

Tunda baki ya tsaya, Auta ta ɗauko sabon littafin rubutu da jan biron da take maka wa yara aiki da shi. Ta rubuta, "Yaya, asibiti." Ya karanta ya ce ta ƙara haƙuri, kumburi ai alamar warkewa ce. Mutumin da ko ɗan ƙullu ya ƙi tashi sai ya kira mai gyaran tanderu, shi ne ya zama likitan harshe.

Ranar Alhamis, da Inna ta sa masa kuka, ya ɗauke ta a motar kai burodi zuwa wurin wani likitan haƙori a ƙarshen gari, a saman shagon masu sayar da taya. Likitan matashi ne mai sanyin hannu. Ya cire guntun haƙorin, sannan ya daɗe yana kallon harshen.

"A banɗaki ta faɗi?"

"A banɗaki," in ji Yaya.

"Tana da wani ciwo? Suga, hawan jini, ko wanda ke sa mutum ya faɗi?"

"Allah ya sawwaƙe. Lafiyarta ƙalau, malamar makaranta ce ma."

Auta ta kai hannu za ta ciro littafinta daga jaka. Yaya ya riga ta, ya ɗauke jakar ya rungume kamar mai taya ta riƙo.

Likitan ya yi ɗinki shida. Da ya gama ya ce, "Ni haƙori na sani. Na kama shi ne kawai don kada ya ƙara buɗewa, kuma ya kwana uku, naman ya fara gajiya. In ya warware kada ku dawo nan. Ku je babban asibiti, sashen tiyatar baki da muƙamuƙi. Su ne masu wannan aikin."

Suna saukowa daga bene Yaya ya yi tsaki. "Kowa babban asibiti, kamar an haɗa baki."

Auta ta san abin zai sake tashi, tunda ba magani a jikinta. Da suka isa gida ta rubuta da manyan baƙaƙe, ta miƙa wa matar Yaya ta karanta wa Inna: "In abin ya tashi, kada a sa min komai a baki. A juya ni gefe kawai, zai wuce."

Inna ta girgiza kai. "Ke yarinya ce har yanzu. Ni da na haife ki, in zauna ina kallo ki haɗiye harshenki? Ko a kabari ba zan yafe wa kaina ba." Ta riga ta sa an miƙe cokalin da guduma, yana nan a bakin zanenta, tana yawo da shi duk inda ta sa ƙafa. Wannan ne ya fi ba Auta tsoro, domin Yaya ana iya jin haushinsa, amma Inna da zuciya ɗaya take yi.

Ranar Asabar da la'asar ta faɗi a bakin famfo. Aka ƙure rediyo, aka danne haɓa, aka cusa cokali. Da ta farfaɗo zaren ɗinkin yana reto a leɓenta, guda biyu ne kawai suka rage a cikin shidan.

Ko a nan Yaya bai ce babban asibiti ba. Ƙanwar matarsa ta ce ai harshe maƙwabcin maƙogwaro ne, saboda haka ranar Litinin ya kai ta wani asibitin kuɗi, wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Dattijo ne marar wasa. Ya danna harshen da ɗan katako, ya ja da baya kaɗan saboda warin.

"Wa ya ce ku zo nan? Wannan ba aikina ba ne. Kwana nawa?"

"Kamar uku," in ji Yaya.

"Uku a ina? Wannan ya yi mako. Ka ga gefen nan da ya yi baƙi? Naman mutuwa yake yi, kuma gaba yake ci." Ya rubuta takarda, ya naɗe, ya tsallake hannun Yaya da ke miƙe ya damƙa wa Auta. "Baiwar Allah, ki kai wannan sashen tiyatar baki da muƙamuƙi a babban asibiti. Yau, ba gobe ba. Kowace rana da kika ƙara, wani yanki ne za a yanke."

A cikin mota Yaya bai tayar da inji ba. Ya zare takardar daga hannunta a hankali, ya cusa ta cikin takardun kai kaya da ke gaban gilashi.

"Auta, dube ni. Mutum goma sha ɗaya ke ci a gindin tanderun nan, ban da mu. Inna da me take rayuwa? Ke wa ya yi miki karatu? Likitocin can a ɗakin da nake kai burodi suke karyawa. Yau ki shiga, gobe a rubuta a kati, jibi mai ɗakin abinci ta ji. Daga nan sai unguwa. Ni mugu ne? Ba ga shi ina ta yawo da ke ba, na bar aikina? An gaya min akwai wani ƙwararre a garin da ke gaba da mu. Asabar in na samu sarari sai mu je."

Ta ƙirga a ranta. Daga Litinin zuwa Asabar kwana biyar ne.

Da yamma zazzaɓi ya rufe ta. Shugabar makarantarsu ta kira, matar Yaya ta ɗauki wayar ta ce ciwon haƙori ne, da sauƙi, an gode. Auta na kwance tana ji. Da ɗakin ya yi shiru ta jawo madubi ta buɗe baki gwargwadon iyawarta. Baƙin da likita ya nuna da safe ya wuce inda yake. Ta tuna labarin da ta bar wa 'yan ajinta a tsakiya, na kwaɗon da ya je neman sabon tafki, ta gwada yin muryar kwaɗon a hankali, ba abin da ya fito sai yawu da jini. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko a faɗuwarta ta farko. Daga baya tsoron ya koma fushi. Shekara goma sha biyar tana bin ƙofar baya, tana cin abinci da cokali mai alama, tana godiya a kai, yau kuma ana so ta ba da harshenta ma.

Washegari da safe, lokacin da layin masu saye ya fi tsawo, ta yi wanka ta sa kayan zuwa makaranta. Inna na gyangyaɗi a kan tabarma, cokalin na gefenta. Auta ta ɗauka ta jefa a jaka. Sannan ta nufi ƙofar da ba ta bi.

"Malama, ina za ki?" in ji matar Yaya. "Ba nan ba ce hanya."

Ta buɗe. Zafin tanderu da ƙanshin burodi suka buge ta. Ta ratsa tsakanin teburan kwaɓi, ma'aikata suka dakata suna kallonta, wasu a cikinsu ba su taɓa sanin maigidan yana da ƙanwa a gidan ba. Ta wuce kantar da ake sayar da burodi, ta ratsa layin masu saye da ƙyalle a bakinta, ta je ta buɗe motar da aka gama loda wa burodin asibiti, ta zauna a gaba.

Yaya ya biyo ta yana murmushin dole, yana amsa gaisuwar mutane. Da ya iso tagar motar ya rage murya.

"Kin haukace ne? Sauka ki koma ciki."

Ta ɗaga littafin. Ta riga ta rubuta tun a ɗaki: "Ko ka kai ni yanzu, ko in cire ƙyallen nan in nuna musu, in rubuta musu dalili."

Ya karanta. Ya waiga ya dubi layin, mutum fiye da ashirin, kowa idonsa a kansu. Ba dama ya ja ta, ba dama ya ɗaga murya. Idon mutanen da ya sa ya ɓoye ta duk shekarun nan, yau shi ya ɗaure masa hannu. Wata tsohuwa daga layin ta ce, "Mai burodi, lafiya dai?"

"Lafiya lau, Iya. Ƙanwata ce, haƙori ke damunta." Ya zagaya ya shiga ya tayar da mota. Auta ta zare takardar likita daga cikin takardun kai kaya, bai hana ta ba.

Babban asibiti gari ne guda. A tagar yankan kati aka tura ta sashen haƙori. A can wata ma'aikaciyar jinya ta karanta takardar ta ce ba nan ba ne, ta haura hawa na biyu. A hawa na biyu aka ce sun tashi, sun koma sabon gini bayan ɗakin ɗaukar hoto. Jiri na ɗibarta, tana tafiya tana dafa bango, tana nuna takardar ga duk mai farar riga. Yaya na biye da ita da tazarar taku goma, ya sunkuyar da kai, ya ja hula har gira. Bai biyo ta don ya riƙe ta in ta faɗi ba. Ya biyo ne don in an yi tambaya ya zama shi zai amsa.

A ƙarshen wani dogon baranda suka ga allon: Tiyatar Baki da Muƙamuƙi. Likitar mace ce 'yar ƙarama mai furfura, gilashinta na rataye a wuya. Ta karanta takardar, ta sa safar hannu, ta duba ba tare da ta yamutsa fuska ba.

"Yaya aka yi?"

"Zamewa ta yi a banɗaki, likita," in ji Yaya.

"Sau biyu? Ga tsohon tsagu, ga sabo a kansa, ga ɗinki ya tsinke. Wanda ya buga haɓa bakin harshe yake ciza, ba gefe ba. Sannan ga dasashi ya kuje, kamar an tura ƙarfe." Ta juya masa baya ta fuskanci Auta. "Ke nake tambaya."

Auta ta buɗe jaka. Ta ciro cokali mai jan zare ta ajiye a kan teburin likita, ya yi ƙara kaɗan. Sannan ta rubuta da jan biro: "Farfaɗiya gare ni. Wata biyu ban sha magani ba, an karɓe katina. In na faɗi, wannan ake sa min a baki."

Likitar ta karanta har sau biyu. Ta ɗauki cokalin ta juya shi, ta dubi inda guduma ta daddake.

"Kai ne wanta?"

"Ni ne. Likita, taimakonta muke yi, don kada ta haɗiye..."

"Ba wanda ya taɓa haɗiye harshensa. Ba ya haɗiyuwa, a ɗaure yake. Kuma ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, ko ta kofi, ko ta cokali. Ciwon ba shi ya yi mata wannan ɓarnar ba, ku ne." Ba ta ɗaga murya ba. "Da ranar farko kuka zo, aikin rabin awa ne, bayan mako biyu ta koma aji. Yanzu sai na yanke duk inda ya mutu, in jawo abin da ya rage in haɗa. Kuma ba zan taɓa ta ba sai likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya zo ya mayar da ita kan magani, in ba haka ba gobe ta faɗi aikin ya lalace."

Yaya ya matso kusa da teburin ya rage murya. "Likita, wata alfarma. A katin nan, ba za a iya rubuta cewa faɗuwa ta yi ba? Ni nake kawo muku burodi a nan."

Likitar ta dube shi ta saman gilashi. "Fita ka jira a waje."

Da ya fita, Auta ta rubuta tambaya ɗaya: "Zan yi magana?"

"Za ki yi," in ji likitar. "Amma ba zan yi miki ƙarya ba, ba irin ta da ba. Wasu kalmomin za su dawo da koyo. Wasu ba za su dawo ba."

Kusan kashi ɗaya cikin uku na harshen aka yanke. Kwananta goma sha biyu a asibiti, kuma a duk kwanakin nan motar Yaya ba ta fasa kawo burodi ba ko sau ɗaya. An rubuta farfaɗiya a katin da manyan baƙaƙe, ma'aikatan jinya sun karanta, sun san ƙanwar wa ce, kuma da safe suka ci gaba da shan shayinsu da burodinsa. Mai ɗakin abincin da kanta ta hauro dubiya da madara, ta ce ai ɗanta na biyu ma yana da shi, yanzu haka yana jami'a. Yaya na tsaye a wurin lokacin da ta faɗa. Agogonsa kawai ya duba. Inna kuwa sau ɗaya ta zo, likitar ta zaunar da ita ta yi mata bayani a tsanake, tun daga ranar ta rage magana.

Shugabar makaranta ta aiko da saƙo mai daɗi. An ba wa wata 'yan aji uku, ita kuma in ta warware za a sa ta kula da ɗakin littattafai, inda ba a bukatar yawan magana.

Ranar da ta dawo gida, maƙwabta mata suka cika falon Inna, domin tun ranar da ta ratsa layin masu saye unguwa ke tambaya. Matar Yaya ta kawo wa baƙi shayi. Ta kawo na Auta daban, a kofinta, da sabon cokali an ɗaura masa sabon jan zare. Yaya ya shigo da fulawa a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa yana amsa sannu.

"Wai me ya same ta ne haka?" in ji tsohuwar nan ta layin burodi.

"Ƙaddara ce, Iya. Zamewa ta yi a banɗaki. Ba inda ban kai ta ba, likita huɗu muka gani. Mun dai gode Allah da abin ya tsaya nan."

Auta ta ajiye kofin. Kwana goma sha biyu tana gwada kalma ɗaya a gadon asibiti, tana tura ragowar harshen inda ba ya kaiwa. Ta ja numfashi ta faɗe ta. Ta fito da nauyi, a tauye, rabinta iska, amma ta fito.

"Me ta ce?" in ji tsohuwar.

Yaya ya yi dariya 'yar kaɗan. "Ai bakin bai warware ba tukuna, mu ma ba ma ganewa. Ina jin godiya take yi muku."

Littafin Auta na ɗaki, ba ta zo da shi ba. Ta buɗe baki za ta sake gwadawa, sai ta ji an dafa gwiwarta. Inna ce. Ba ta dubi ɗanta ba, baƙin take kallo, hawaye na bin kuncinta.

"Ni na gane," in ji Inna. "Cewa ta yi farfaɗiya. Farfaɗiya gare ta tun tana yarinya. Ba banɗaki ba ne. Yayanta ya karɓe katin maganinta, ni kuma na cusa mata cokali har sau biyu, shi yana danne da haɓarta. Mu muka yanke mata harshe."

Inna ta miƙa hannu ta ɗauki sabon cokalin daga kofin Auta, ta sa haƙori ta tsinke jan zaren, ta juya shayinta da shi ta sha. Ta bayan ƙofa aka ji wani ma'aikaci yana kiran maigida, wai layi ya yi tsawo, a zo a buɗe tanderu na biyu.